Daga Malamin Gona Zuwa Hasashen Damina: Yadda Binciken Masana Ya Riƙa Isowa Gombe

Akwai unguwa a garin Gombe da ake kira BCGA. Haruffan farko ne na sunan ƙungiyar Turawan Ingila masu harkar auduga, wadda ta kafa injin gurza a garin a shekarun 1950. Duk mai son bin sawun yadda binciken masana ya fara isowa kunnen talakan Gombe, daga nan ya kamata ya soma, domin ta dalilin auduga ne aka fara tunkarar manomi da maganar "an gwada, an gani". A lokacin garin ma bai daɗe da kafuwa ba. Sai a 1919 aka dawo da fadar masarautar Bubayero zuwa Doma, wato Gomben yau, bayan ta zauna a Gombe Abba da kuma Nafada, kuma dajin da ke kudu da sabuwar fadar shi ne baƙi daga ƙasashen Hausa da Barno suka yi ta sassabewa suna kafa gonaki.

Waɗannan mutane ba a duhu suke ba game da sama. Malaman zaure suna riƙe da lissafin taurari 28 da suka samo daga littattafan Larabci, kusan kowane tauraro da kwanakinsa 13, kuma da taurarin damina irin su Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa ake sanin inda shekara ta kai. Wanda bai yi karatu ba yana da nasa ma'aunin: isowar shamuwa, juyawar iska, gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa suna toho. Da wannan ake yanke shawarar yin binne ko a jira ruwan shuka. Wannan sani yana da wata daraja da ban ga an cika ambatonta ba. Wanda ya gaya maka maganar ɗan unguwarku ne. In ta tabbata za ka gan shi gobe, in ta ƙi ma za ka gan shi, ka tambaye shi dalili.

Ilimin da ya zo da auduga ta wata hanya dabam ya biyo. A Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken noma tun farkon shekarun 1920, ake gwada iri da taki da maganin ƙwari. Abin da aka gano sai ya gangaro ta hannun En'e: daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Ana raba irin auduga kyauta, ana kuma kafa doka a tuge karan auduga a ƙone bayan an gama tsinka, don a katse wa tsutsa hanyar tsallakawa zuwa baɗi. Dokar tana da hujja mai ƙarfi a kimiyya, amma da wuya a tsaya a yi wa manomi bayanin hujjar. Da dare motar majigi takan zo ta haska fim a dandali, mai fassara yana magana da lasifika, gari ya waye ta wuce gaba. Haka jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci suka riƙa ɗauke da nasihohin noma da tsafta. Abu guda ya haɗa su duka: magana daga sama take saukowa, kuma ba a tanadi hanyar da amsa za ta hau ba.

Babbar shawarar masana a kan auduga ita ce a shuka ta da wuri, a watan Yuni, ita kaɗai a gona, a layi, a kuma yi mata feshi. Manoma suka ci gaba da shuka ta a makare, bayan sun gama da gero da dawa, sau da yawa a gauraye da wasu amfanin. Shekaru aka yi ana ɗaukar wannan a matsayin taurin kai. Sai da wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, da abokan aikinsa suka zauna a ƙauyuka a shekarun 1960 da 1970 suna ƙidaya awannin aikin kowane gida, sannan aka gane cewa a Yuni da Yuli hannuwa ba su isa ba, kuma magidanci ba zai bar noman abin da iyalinsa za su ci ya tafi ga abin da zai sayar ba. Cuɗanya amfani a gona ɗaya kuwa kariya ce daga shekarar da ruwa ya yi gardama. A kan Gombe kanta, Mary Tiffen ta wallafa littafi a 1976 mai suna The Enterprising Peasant, inda ta bi tattalin arzikin masarautar daga 1900 zuwa 1968, ta nuna cewa manoman nan sun rungumi garmar shanu da noman auduga da hanzari a duk lokacin da hanya da kasuwa suka sa abin ya biya su. Ashe ba sabon abu suke gudu ba. Lissafi suke yi, kuma lissafin nasu ya haɗa da abubuwan da gonar gwaji ba ta sani ba.

Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, shekara guda bayan Rediyon Kaduna ya fara aiki, ƙaramin rediyo mai batir kuma ya shiga rugage da gonaki. Sannan fari ya zo. Daga 1972 zuwa 1974 ruwa ya ƙi a faɗin yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta gangarowa kudu. Bayan shekaru goma, a 1983 da 1984, aka sake maimaitawa. Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka.

A tsakiyar wannan hali, a 1975, Gombe ta shiga cikin wurare uku na farko a Najeriya da aka kafa shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya, tare da Funtuwa da Gusau. A ganina wannan ne zamanin da isar da kimiyya ga jama'a ya fi yin armashi a ƙasar Gombe, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. An sa mutum a tsakani. Malamin gona yana da ƙauyukansa da ranakun zuwansa, yana yanka ɗan fili a gonar manomi ya shuka sabon iri kusa da tsohon, kowa ya zo ya gani da idonsa lokacin kaka. Gani ya kori ji. Ta haka masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gasawa, ta zama amfanin da ake cika manyan motoci da shi. Shirin yana da aibobinsa, ya dogara da takin zamani mai rangwame, ya kuma fi amfanar masu ƙarfi. Amma manomi ya san sunan wanda ya ba shi shawara, ya san ranar da zai dawo. Da aka faɗaɗa shirin ya game jihar Bauchi a 1981, daga baya kuma kuɗin Bankin Duniya ya janye, sai malaman gona suka yi ta raguwa, har aka kai yau mutum ɗaya ke da dubban manoma a wuyansa.

A nan nake son in daɗe, domin abin da aka gaya wa jama'a game da dalilin farin nan shi ne har yau yake yawo a bakuna. An ce musu su suka jawo. Kun sare itatuwa, dabbobinku sun cinye ciyawa, shi ya sa ruwa ya ɗauke, hamada kuma take gurgusowa. Maganar tsohuwa ce. Tun a 1935 wani masanin gandun daji Bature, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara tana cin arewacin Najeriya, sai Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936 da 1937 ya zagaya iyaka, ya dawo ya ce bai ga shaidar hakan ba. Amma a 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin da ya ba tsohuwar maganar ƙarfi: ƙasar da aka tsiraita tana mayar da hasken rana sama, wannan kuma yana hana hadari haɗuwa. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 ya tafi a kan wannan fahimta, daga nan ta shiga littattafan makaranta da jawaban ranar dashen itatuwa da bakin malamin daji mai cin tara.

Masana ba su tsaya nan ba. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin zafin tekuna ne. A 2003 Alessandra Giannini da wasu masana biyu suka tabbatar da cewa da sauyin zafin tekuna kaɗai ana iya bayyana yawancin farin nan. Bincike na baya ya ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atlantika a waɗancan shekaru, abin da ya taimaka wajen tura hadarin damina kudu. Ma'ana, makiyayin Dukku da mai saran itace na Nafada ba su ne suka ɗauke ruwan 1973 ba. Gyara irin wannan shi ne adon kimiyya. Abin da ke damuna shi ne an gyara a mujallun masana, ba a dawo an gyara a dandalin da aka yi shelar farko ba. Mutum ya shekara hamsin ɗauke da laifin da ba nasa ba, kuma yana da hakkin a gaya masa.

Wannan ba ya rage wa bishiya daraja ko kaɗan. Tana riƙe ƙasa, tana karya iska, tana sanyaya gida, tana ciyar da dabba a rani. Waɗannan su ne dalilai na gaskiya, kuma sun isa. A Maraɗi, daga 1983, manoma suka soma barin kututturen itatuwan da ke gonakinsu su sake toho suna yi musu aski, abin da suke kira sassabin zamani. Abin ya bazu daga gona zuwa gona har ya rufe kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne. Ba a tsorata su da hamada ba, amfanin suka gani.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Gombe ta zama babban birnin jiha, tambayar da ke gaban mutanenta kuma ta canza. A da ƙarancin ruwa ake kuka da shi, yanzu ga ruwa yana cin gari. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, daga baya masu gudun rikicin Boko Haram daga Barno da Yobe suka ƙaru a kansu, gine-gine suka haura tudun yamma ta wajen Tumfure. A watan Agustan 2004 ambaliya ta ratsa garin ta ci rayuka da gidaje, kwaruruka kuma suka yi ta buɗe baki a wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Malam Inna da Kagarawal da London Mai Dorawa. Masana ƙasa sun san dalili sarai. Garin yana zaune ne a cikin kwari, a gindin tudu mai yashi sako-sako, ruwa kuma daga yamma yake gangarowa gabas. Kowane rufin kwano da kowane titin kwalta da aka ƙara a kan tudu yana hana ƙasa shan ruwa, ya tattara shi ya sako wa na ƙasa da gudu. In magudana ta ƙare a kan yashi ba tare da an karya ƙarfin ruwan ba, nan kwari zai fara. In aka haɗa da ɗibar yashi da zuba shara a magudana da gini a kan hanyar ruwa, an gama bayani.

To ina rabon sauyin yanayi a ciki? Yana da rabo, kuma ana iya faɗinsa da Hausa ba tare da an wahalar da kowa ba. Hayaƙin man fetur da kwal da gas da duniya ke ƙonawa yana taruwa a sama ya riƙe zafi kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1 tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin 100. Abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya gano daga hotunan tauraron ɗan'adam cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka fiye da 600 a Najeriya, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80. Saboda haka ruwan da ke sauka a kan Gombe ya fi na da ƙarfi, garin da yake sauka a kai kuma ya fi na da rauni. Na farkon ba a hannunmu yake ba. Na biyun a hannunmu yake, da hannun masu ba da izinin gini.

Rarrabe waɗannan biyu shi ne aikin da nake ganin an fi sakaci da shi a yau. A da an ɗora wa talaka komai, yanzu ana neman a ɗora wa sauyin yanayi komai. Gada ta karye, sauyin yanayi. Magudana ta toshe, sauyin yanayi. Duk lokacin da aka yi haka, an wanke wanda ya kamata a tambaya, an kuma koya wa jama'a cewa babu abin da za su iya.

Ba masana aka rasa ba. Jami'ar Jihar Gombe ta buɗe a 2004, Jami'ar Tarayya ta Kashere a 2011, ga Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa. Ɗalibai da malamai sun auna kwarurukan garin nan, sun bi bayanan ruwan sama na shekaru, sun zana taswirar unguwannin da ke cikin haɗari. Kusan duk da Turanci aka rubuta, don a ci jarrabawa ko a sami ƙarin girma, kuma mai gidan da katangarsa ke bakin kwari bai taɓa jin abin da aka gano game da unguwarsa ba. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1988, yana fassara taƙaitattun rahotanninsa zuwa harsunan Majalisar guda shida, babu Hausa a ciki, balle Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja. Kafofin kuwa sun yawaita fiye da kowane zamani. Ga gidan rediyon jiha, ga Jewel FM da Progress da Amana, ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI, ga waya a kowane aljihu. Shirin da ake buɗe layi mai sauraro ya kira ya yi tambaya shi ne abin da motar majigi ba ta taɓa samu ba, kuma shi ne mafi kusa da zaman malamin gona a gindin bishiya.

Hukumomi ma sun motsa. Gombe tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka. Shirin NEWMAP na Bankin Duniya ya gyara kwarin da ya taso daga jami'ar jiha ya bi ta Malam Inna. A 2019 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da Gombe Goes Green da burin dasa itatuwa miliyan 4 cikin shekaru huɗu, sannan shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, ya ɗauki kwarin Kwalejin Ilimi. Ayyuka ne na a zo a gani, kuma wanda aka ceci gidansa ya san darajarsu. Sai dai ɓangaren da ake kira wayar da kai ya fi karkata ga taron ɗakin otal da riguna da huluna. Adadin da ake sanarwa na itatuwan da aka dasa ne. Adadin da jama'a za su koyi wani abu daga gare shi shi ne na waɗanda suka tsallake rani biyu, da wane iri ne ya rayu, a wace ƙasa, da dalilin mutuwar sauran.

Akwai kuma tambayoyin da mutane ke yi waɗanda ba a son amsawa. Matar da aka ce ta daina girki da gawayi za ta tambayi kuɗin gas, musamman tun bayan tsadar da ta biyo cire tallafin mai a 2023. Saurayin da ya ji ana cewa kwal da fetur ne ke ɗumama duniya ya san ana haƙar kwal a Maiganga, ya kuma ga bikin da aka yi a Nuwamban 2022 da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, a iyakar Gombe da Bauchi. Amsa ta gaskiya tana nan: duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa, illar gawayi ta kusa kuwa ita ce hayaƙin da ke shiga ƙirjin mai girki da dajin da ke ƙarewa. Wanda aka ba wannan amsa zai fi yarda da sauran maganar.

Abin da ya fi kusa da rayuwar manomi a duk wannan ilimi shi ne hasashen damina. Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da shi a farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka, lokacin ɗaukewarsa, tsawon damina, da inda ake tsoron ruwa ya tsaya bayan an yi shuka. A 'yan shekarun nan tana fassara shi da Hausa, hukumar NIHSA kuma tana fitar da nata na ambaliya. Ci gaba ne babba, domin sanin cewa damina za ta gajarta yana iya sa mutum ya sayi irin da ke nuna da wuri ya tsira da shekararsa. Wasu kan ce ai gaibu Allah kaɗai ya sani, kuma gaskiya ne. Amma hasashe ba da'awar sanin gaibu ba ne, karatun alamu ne, kuma mutanen da kakanninsu suka yi lissafin taurari ba baƙin wannan ba ne. Limamai da fastocin Gombe za su iya warware wannan a zama ɗaya in an zauna da su an nuna musu yadda ake yin sa.

Matsalar tana wajen isarwa. Masani yana cewa akwai yiwuwa mai rinjaye, kafin maganar ta iso kasuwar Kumo ta zama "an ce ruwa zai sauka ran kaza". In bai sauka ba, an yi asarar iri, an kuma yi asarar amana. Jihar da ta miƙe daga Nafada a arewa zuwa tsaunukan Kaltungo da Ɓalanga a kudu ba ta da damina ɗaya, saboda haka hasashen da zai yi amfani sai an sauke shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da bakin wanda zai iya cewa shuka kaza, jira kwana kaza. Sannan a watan Oktoba ko Nuwamba, bayan an kai amfani gida, muryar da ta karanta hasashen a Maris ta dawo gidan rediyon, ta karanta abin da ta faɗa da abin da ma'aunin ruwa ya nuna a Dukku da Bajoga da Deba da Billiri, inda aka dace da inda aka kuskure da dalili, a kuma buɗe layi manoma su faɗi abin da suka gani a gonakinsu.